Ai Mai Jin Yunwa Ma Yana Ɗaga Kai Sama

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan-bokonmu, ni kuwa na gaji da jinta. Da zarar ka ta da zancen taurari, ko asalin sararin samaniya, ko yawan shekarun da halitta ta yi, sai wani ya gyara zaman tabaronsa ya ce, "Malam, mu nan yunwa ke damunmu, bari mu ƙoshi tukuna." In ka dubi mai maganar da kyau, ba alamar ya taɓa kwana da yunwa. Da sunan talaka yake magana, talakan kuwa bai aike shi ba. Nufina a wannan takarda in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai cewa raini ne ke cikin maganar nan, ko da yake an yafa mata rigar tausayi, kuma mutanen ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun sun riga sun biya kuɗin irin wannan raini da gonakinsu, waɗansu ma da rayukansu.

To amma kafin a kai ga faɗa, bari in shimfiɗa abin da ake faɗan a kansa, domin yawancin masu cewa ba shi da amfani ba su ma san ko mene ne ba.

Haske tafiya yake yi kamar ɗan aike. Gudunsa kilomita 300,000 ne cikin sakan ɗaya, amma duk da haka sai ya ɗauki lokaci kafin ya iso. Hasken rana yakan yi minti 8 da 'yan kai a hanya. Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda kowane yaro a karkara ya sani, haskensu yakan yi wajen shekara 440 kafin ya zo mana. Watau hasken da ya shiga idonka ya baro gida tun kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da shekara fiye da 150. Ashe ke nan duk wanda ya hangi nesa a sama, jiya yake kallo, kuma gwargwadon nisan da ya hanga, gwargwadon tsufan labarin da ya samu. Sai tambaya ta zo da kanta: wane ne ɗan aiken da ya fi kowa daɗewa a hanya, kuma wane labari ya ɗauko?

A 1927 wani limamin Kirista ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître, ya nuna ta hanyar lissafi cewa sararin samaniya buɗewa yake yi. A 1929 Edwin Hubble a Amurka ya auna ya ga garkunan taurari na nesa suna guje mana, kuma wanda ya fi nisa ya fi gudu. Ka ɗauki misalin majemi da ya kafa fata yana ja ta kowane gefe: duk ɗigon da ke jikin fatar zai yi nesa da ɗan'uwansa, alhali ba wanda ya tashi daga inda yake. To in abu yana buɗewa yau, jiya ya fi haka matsuwa, shekaranjiya kuwa ya fi jiya. In ka yi ta komawa baya sai ka kai lokacin da kome yake cunkushe, da zafin da ba shi misaltuwa. A lokacin nan haske ba ya iya tafiya ko taki ɗaya sai ya ci karo da wani abu, kamar dai ranar da hazo ya sauka sosai, ka tsaya a kan madatsar Bakolori ba ka ganin tsallaken ruwa. Da aka yi shekara wajen 380,000, zafin ya sauko zuwa awo 3,000, ƙananan ɓarɓashin da ke tare wa haske hanya suka haɗu suka zama ƙwayoyin zarra na iskar haidurojin, sai hazon ya washe. Hasken da ya kuɓuta ran nan bai daina tafiya ba har yau.

Sai dai ya jigata a hanya. Buɗewar sarari ta miƙar da shi kamar sau 1,100, har ya fita daga abin da ido ke gani ya koma dangin igiyar rediyo. Mu da muka tashi muna murɗa akwati muna neman gajeren zango mita 19 ko mita 25 ba za mu sha wuyar gane wannan ba, sai dai nasa zangon gajere ne ƙwarai, a milimita da santimita ake auna shi. Zafinsa kuma ya huce har ya kai awo 270 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa, watau awo 2.7 kacal sama da iyakar sanyin da ba a wuce shi. Matar da ta fito da asuba ta sa hannu cikin tokar murhu ta ji ɗumi, ba ta bukatar a gaya mata an hura wuta jiya, har ma tana iya kintatar girman wutar. Saboda haka ni a nan zan kira abin nan ɗumin farko. Yana ko'ina, ta kowace fuska. A cikin sararin da bai wuce kan ɗan yatsanka ba akwai ƙwayoyinsa wajen 400. Waɗanda suka san tsohuwar talabijin mai eriya, in tasha ta rufe allon ya cika da yayyafi yana shuu, ɗan kaɗan daga cikin yayyafin nan shi ne.

Yadda aka gano shi, nan ne nake so mai karatu ya tattara hankalinsa. Tun 1948 Ralph Alpher da Robert Herman suka lissafta cewa lalle akwai irin wannan ɗumi, suka ce zai kai awo 5, amma aka manta da su. A 1964 waɗansu ma'aikata biyu na kamfanin wayar Bell, Arno Penzias da Robert Wilson, suna aiki a wani wuri da ake kira Holmdel da wata ƙatuwar eriya mai siffar ƙaho, tsawonta wajen mita 15, wadda asali domin sadarwa da tauraron ɗan'adam aka gina ta. Sai suka riƙa jin wata 'yar ƙara da ba su san mafarinta ba. Suka juya ƙahon gabas da yamma, ƙarar tana nan yadda take. Dare da rana, ɗari da bazara, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Suka zargi birnin New York, suka auna, ba shi ba ne. Suka kwance na'urorinsu suka sake ɗaurawa. Daga baya suka tarar tantabaru sun yi sheƙa a cikin ƙahon sun shafe shi da kashi, sai manyan masana biyu suka durƙusa suna kankare kashin tantabaru. Da suka gama, ƙarar ta ɗan ragu kaɗan, amma ba ta tafi ba. Wajen shekara guda suna wannan fama. A ƙarshe labari ya kai su ga Robert Dicke da mutanensa a jami'ar Princeton, waɗanda a daidai lokacin suke harhaɗa na'urar neman ɗumin nan. A 1965 aka buga sakamakon, a 1978 aka ba Penzias da Wilson kyautar Nobel.

Abin da ya burge ni ba kyautar ba ce. Ƙarar nan ƙanƙanuwa ce, awo 3.5 suka ƙiyasta ta. Da sun ga dama da sun rubuta cewa kuskuren na'ura ne, su ci gaba da abin da ake biyansu albashi dominsa, ba mai tuhumarsu. Suka ƙi. An yi musu tarbiyyar da ta ce in lissafinka ya bar saura, sauran nan yana da dalili, kuma ba ka da ikon barci sai ka san dalilin.

Daga nan aiki ya yi ta gaba. A 1989 Amurka ta harba tauraron COBE, a 1992 ya nuna cewa ɗumin nan ba daidai wa daida yake ba, wani gefen ya ɗara wani da kashi 1 cikin 100,000. In kana so ka ji ƙanƙantar wannan, ka ƙaddara an baje fili mai tsawon kilomita guda, tudunsa da kwarinsa ba su wuce santimita 1 ba. Waɗannan 'yan tudu da kwari su ne irin da ya tsiro ya zama garkunan taurari, har da namu. Tauraron WMAP ya bi baya a 2001, sa'an nan Planck na ƙasashen Turai a 2009. Daga zanen da suka yi aka fitar da cewa shekara miliyan 13,800 ke nan da fara buɗewar, kuma duk abin da muka sani, ƙasa da ruwa da taurari da jikinmu, bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke akwai ba. Sauran an san nauyinsa da aikinsa, an ba shi suna, ana nan ana neman ko mene ne. A watan Maris 2014 wata ƙungiya mai na'urar BICEP2 a ƙuryar kudancin duniya ta yi shelar ta ga sawun abin da ya faru a farkon sakan na farko. Duniya ta ɗauka. Kafin shekara ta kewayo aka gwada da awon Planck, sai ga shi ƙurar da ke cikin garken taurarinmu ce ta ruɗe su, su da kansu kuma suka sa hannu a takardar da ta rushe maganarsu. Ina ma a ce ma'aikatunmu na gwamnati sun iya wannan.

To, yanzu mu dawo gida. Shekarar 1978 ɗin nan da aka ba su Penzias kyauta, ita ce shekarar da aka gama ginin madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato. In ana neman ilmi mai amfani, irin wanda masu cewa "bari mu ƙoshi" ke so, ai ga shi nan ƙarshensa. Ba tauraro a ciki, ba tambayar asalin duniya, abinci ne tsantsa: alkama da shinkafa da tumatir, rani da damina. Tun 1969 masanan hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawarar a yi madatsa madaidaiciya. Da kuɗin man fetur suka zo sai aka ce a yi babba, aka ba kamfanin Impresit na Italiya aikin. Tsawon ginin kilomita 5 da rabi, tafkin yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, ya shanye ƙasa hekta 8,000, aka ce za a shayar da hekta 23,000.

Me ya faru? An ta da mutanen ƙasar Maradun daga fadamar kakanninsu aka kai su tudu. A filin ban-ruwa katafila ta shiga ta baje ƙasa, ta tuge itatuwan da mutane ke ci daga gare su, ta shafe iyakokin gonaki, aka hana manoma shuka shekara da shekaru ana gyaran fili. Diyya ta yi ta jan ƙafa, wadda ta zo ma ba ta kai ba. Manoma suka yi kuka, suka kai ƙara, suka aika wakilai. Daga ƙarshen 1979 suka fara tare hanyoyin aikin. Ran 28 ga Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, waɗansu da suka bi diddigi suka ce sun haura 380. Ka ga ƙasar da ba ta iya ƙirga gawarwakinta ba, a shekarun da waɗansu ke ƙirga ƙwayoyin hasken farkon halitta. Can ƙasa da madatsar kuma, wajen Bakura har zuwa gaba, ambaliyar da ke cika fadama kowace shekara ta ragu, noman shinkafa ya ja baya, mutane suka koma gero da dawa, kifi ya yi ƙaranci. Wani Bature mai suna William Adams ya bi ƙauyukan nan ya auna hasarar bayan aikin gama ya gama. Filin ban-ruwan kansa ya yi ta lalacewa, har sai da aka nemo rancen Bankin Duniya a 2014 domin a gyara shi.

Kada wani ya juya mini magana. Ban ce da ana koyar da ilmin taurari a Mafara da ba a harbi kowa a Birnin Tudu ba. Zalunci zalunci ne, kuma masu ilmin kimiyya su ne suka ƙera bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima. Abin da nake cewa shi ne, duk alamun da ke nuna lissafin Bakolori ya bar saura suna nan a fili tun kafin a zuba siminti. Kowane tsoho a Bakura ya san abin da ambaliya ke yi wa fadama. Kukan manoma shi ne 'yar ƙarar da ta ƙi tafiya, ana jinta ta gabas ana jinta ta yamma, rani da damina. Su Penzias sun durƙusa sun kankare kashin tantabaru domin su tabbata. Namu masanan suka ce hayaniyar jahilai ce, a kira 'yan sanda. Baƙon da aka ɗauko kwangila ya zo yi, da ya gama ya karɓi kuɗinsa ya tafi. 'Yan ƙasa kuwa da aka ajiye a ofis, an koya musu yadda ake karɓar abin da aka ƙero a sa hannu, ba a koya musu su tsaya su ce, "Wannan sauran fa, daga ina?" ba.

Wannan rabon aiki tsoho ne. Sa'ad da Turawa suka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, malaman makaranta da ma'aikatan En'e suke nema, watau hannuwa. Tunani a kan yadda halitta take, wannan an bar shi can gida Ingila. Mai ce maka yau ɗan Maradun ya tsaya ga gyaran famfo, ya bar wa Turawa tambayar asalin sama, magajin Razdan ne ko da bai sani ba. Ya raba 'yan Adam gida biyu, masu tambaya da masu amfani da amsa, ya kuma zaɓa mana gidan da za mu zauna. Gyaran famfo sana'a ce mai daraja, ba na musu. Amma wanda ba a yarda ya tambayi dalilin abu ba, kullum sai ya jira mai dalilin ya zo daga waje, da farashinsa.

Kuma ma wa ya ce sai an ƙoshi ake farawa? Indiya tana karɓar taimakon alkama daga Amurka a shekarun 1960, amma ta harba rokarta ta farko a Thumba a 1963, ta gama ƙatuwar na'urar sauraren sama a Ooty a 1970. Ba su ƙoshi ba suka fara, ga inda suke yau. A nan kusa da mu Ghana ta ɗauki tsohon farantin wayar ƙasashen waje mai faɗin mita 32 a Kuntunse ta mai da shi na'urar sauraren taurari a 2017. A ƙasarmu ma, a 1965 ɗin da aka buga labarin ɗumin farko, wani ɗan Nijeriya, Samuel Okoye, yana Kambirij tare da Antony Hewish sun gano wani baƙon tushen igiyar rediyo a sama, wanda daga baya aka gane gawar tauraro ce mai juyawa. Ya dawo ya dasa wannan ilmi a Nsukka, shi ya sa cibiyar binciken sararin samaniya take can. Mu fa? Amurkawa sun kafa tashar bin sawun kumbo a Kano, da ita aka saurari John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya sau 3 a watan Fabrairu 1962. Da suka gama suka naɗe kayansu. Abin da harshenmu ya tsinta daga zuwa wata a 1969 shi ne sunan ciwon ido, Afolo.

Wanda kuma ya nace sai an nuna masa amfanin da zai sa a baki, to ga shi. Na'urar da Dicke ya ƙirƙiro a 1946 domin auna raunanan igiyoyi irin waɗannan, jikokinta ne ke cikin taurarin ɗan'adam da ke auna tururin ruwa a sama da laimar ƙasa, waɗanda masu hasashen damina ke dogara da su. Na kawo wannan ne don a rufe bakin mai gardama, amma ba na son hujjata ta tsaya a kansa, domin ranar da Dicke ke aikinsa bai san da manomin Zamfara ba, kuma da an tilasta masa ya faɗi amfanin abin kafin ya fara, da bai fara ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, maganar nan ƙarya take yi wa talaka. Manomi ya fi ɗan-boko kallon sama nesa ba kusa ba. Ya san Gamzaki, ya san Zara, yana tambayar malamin garinsu wane tauraro ne ya kama, ko na shuka ne ko ruwan yaudara ne. Malaman zaure sun riƙe lissafin masaukan wata 28 ɗaruruwan shekaru. Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya yi suna a Alƙahira da ilmin lissafi da na taurari, can ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti. Kowace shekara ƙasar nan kaf takan kasa kunne ta ji abin da Sarkin Musulmi zai faɗa game da ganin jinjirin wata. Ran 29 ga Maris 2006 da rana ta yi husufi duhu ya rufe Gusau da Katsina da hantsi, wa ya ce bari ya ƙoshi kafin ya ɗaga kai? Kowa tambaya yake yi, tsoho da yaro. Mu da aka kashe wa kuɗi muka zo jami'a, mu ne ba mu da amsar da za mu ba su da harshen da suke ji.

Akwai wata ƙungiyar kuma da zan taɓa, a hankali, domin 'yan'uwana ne a masallaci. Kashi biyu suke. Na farko suna cewa binciken farkon halitta shisshigi ne cikin ikon Allah, ƙila ma kafirci. Ina roƙonsu su duba abin da aka auna. Ɗumin farko labarin yadda sarari yake bayan shekara 380,000 yake bayarwa: zafinsa kaza, nauyinsa kaza. Ba eriyar da ta taɓa cewa ga Wanda Ya yi ko ba wanda ya yi, ba aikinta ba ne, kamar yadda ma'aunin zafin likita ba ya gaya maka ko majiyyaci mumini ne. Kashi na biyu sun fi ba ni tsoro, domin su da murna suke kashe zancen. Da ka gama bayani sai su ce, "Ai duk wannan yana cikin Alƙur'ani tun shekara 1,400," su jawo aya, a yi kabbara, kowa ya watse, ba wanda ya koyi lissafi ko ɗaya. In har muna da labarin tun tuni, ai mu ya kamata mu fi kowa zafin nema, mu riga kowa gina ƙahon. Sa'an nan akwai haɗari ga rataya aya a jikin sakamakon da gobe ana iya gyara shi. Da wani ya hau mumbari a Maris 2014 ya ɗaura aya a kan shelar BICEP2, me zai ce wa jama'a da ta zama ƙura? Kiristoci sun riga mu faɗawa ramin nan. A 1951 Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna binciken nan ya tabbatar da labarin halitta na littafinsu, Lemaître kuwa, wanda shi limami ne kuma shi ya kawo ra'ayin, bai ji daɗi ba, ya nemi a daina haɗa biyun.

Saura mu, 'yan wannan ƙungiya. Mun cika mujallarmu da karin magana da tatsuniya da al'adun aure da sharhin waƙa. Madalla, ina cikin masu karantawa. Amma in muka tsaya nan, mun yarda ke nan da masu cewa Hausa harshen jiya ce, ta kasuwa da gaɗa, in an zo zancen ilmi sai a sauya baki. Magabatanmu ba su yarda da haka ba. A 1949 Abubakar Imam da Rupert East suka fitar da Ikon Allah suna bayyana halittu da Hausa. A 1969 Umaru Dembo ya kai yaron Hausa sararin samaniya cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. Mutanen gidajen rediyo suka ƙago tauraron ɗan'adam da gajeren zango, yau ba wanda ke jin su baƙi. Duk bayanin da na yi a sama, da fata da hazo da tokar murhu na yi shi, kuma ban ga inda harshen ya gaza ba.

Na san ba za a kafa na'urar auna ɗumin farko a Bakura ba. Tururin ruwa a iska yana shanye igiyar, shi ya sa ake hawa hamadar Atakama ta ƙasar Chile, sama da mita 5,000, ko a tafi ƙuryar kudu inda sanyi ya busar da iska. Amma awon da Planck ya tara yana nan a intanet kyauta, ɗalibin da ke da kwamfuta da lissafi yana iya saukar da shi a Gusau ko Sakkwato ya yi aiki a kai kamar kowa. Ɗalibai a ƙasashe da yawa suna ƙera ƙaramin ƙaho da falankin kwano, su haɗa shi da 'yar na'urar rediyo mai araha, su ji igiyar haidurojin ta santimita 21 daga garken taurarinmu, har su auna juyawarsa. Maƙeran da ke yin akwati da mazurari a kasuwar Talata Mafara za su buga wannan ƙaho in an ba su awo, ga kuma Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau a garin. Na san kuma halin da makarantun ƙasar nan suka shiga. Makarantar Jangebe da aka kwashe 'yan mata 279 ran 26 ga Fabrairu 2021, ta kimiyya ce. A watan Agusta na shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ran 1 ga Satumba aka ɗebi ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun. Iyayen da suka mai da 'ya'yansu aji bayan wannan sun fi ƙarfin a ce musu abin da ya dace da yaran shi ne ɗan abin da zai sa su sami aikin masinja.

Saboda haka ina neman abu biyu daga shugabannin ƙungiya. A ware shafi 4 a kowace fitowa domin bayanin kimiyya da Hausa, a gayyato 'yan sashen lissafi da na kimiyyar halitta su rubuta, mu kuma mu gyara musu harshe. Sa'an nan a lokacin hutu, duk wanda ya fito daga Mafara ko Bakura ko Maradun ya ɗauki kofe ya kai wa malamin kimiyya na makarantar da ya gama. Kalmomin da na yi amfani da su, ɗumin farko da garken taurari da zangon haske, ban ce sun zauna ba. Wanda yake da waɗanda suka fi su ya aiko wa edita, a buga, mu yi gardama a kai a fitowa ta gaba.